Kasuwar Mai Zanen Bauci Tana Kudu

Duk wanda ya je gida hutun Salla a 'yan shekarun nan, ya zauna da samarin Bauci a majalisar dare, ko a Wunti, ko a Yalwa, ko a Gwallameji inda 'yan makaranta suka yi yawa, lalle zai lura da wata sana'a da ta kunno kai, wadda har yanzu iyaye ba su san sunan da za su kira ta da shi ba. Sana'ar kuwa ita ce zanen barkwanci, watau katun, amma ba a kan takarda ba, a cikin wayar hannu. Saurayi zai zauna da wayarsa ko 'yar kwamfutarsa, ya zana direban Keke Napep da ɗan sanda suna ciniki a bakin titi, ko magidanci riƙe da takardar kuɗin wuta alhali gidansa duhu ƙirin, ya rubuta 'yan kalmomi a ƙasa, sa'an nan ya saka a Facebook ko TikTok ko YouTube. Waɗansu ma sun yi nisa, zanensu yana motsi, yana magana. Ba edita a kansu, ba kuma albashi a ƙarshen wata. Abin da suke nema shi ne masu kallo, a nan kuwa gizo ke saƙa.

Abin da wannan shafi ke gani shi ne, masu kallon da za su iya riƙe wannan sana'a har ta tsaya da ƙafafunta ba a cikin ganuwar Bauci kaɗai suke ba, ba kuma a Amurka ko Ingila ba kamar yadda waɗansu samarin ke mafarki. Suna nan Agege da Idi Araba da Obalende da Mile 12, suna Sabo ta Badun da Sabo ta Shagamu, suna Benin da Anaca da Fatakwal. Su ne 'yan Arewa mazauna Kudu, masu karanta wannan shafi. Abin mamaki kuwa, mai zanen bai gane haka ba, su ma masu kallon ba su gane ba.

Kafin a shiga maganar ciniki, ya kamata a kawar da zancen masu cewa wai zane baƙon abu ne a ƙasar Bauci. A Geji, cikin ƙasar Toro, akwai dutsen da sunansa ma Dutsen Zane, inda mutanen da suka zana dabbobi a jikin dutse tun kafin a kafa garin Bauci, haka kuma a Shira. Zambo da habaici ga masu mulki su ma ba baƙi ba ne. A Bauci ne a 1943 aka kafa ƙungiyar muhawara wadda Malam Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa suke ciki, inda malaman makaranta da ma'aikatan En'e suka fara yi wa hukuma tambayoyin da ba a saba yi ba. Malam Aminu, yana koyarwa a Midil ta Bauci, ya riƙa shirya wasannin kwaikwayo da 'yan makaranta waɗanda ke taɓa halin manya. Bayan wannan ga 'yan kama, ga wawan sarki, ga tashe a watan azumi, duk hanyoyi ne da Bahaushe ya daɗe yana faɗin gaskiya cikin raha. Abin da bai samu gindin zama ba a Arewa shi ne haɗa biyun nan, zane da zambo, a mai da su sana'ar da mutum zai ci abinci da ita. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939 da Malam Abubakar Imam a matsayin edita, da ƙarfin alƙalamin rubutu ta yi suna.

A Kudu kuwa al'amarin daban yake. Tun a shekarun 1940 Akinola Lasekan yake yi wa Turawan mulki zane a jaridar West African Pilot ta Dokta Nnamdi Azikiwe. Bayansa aka yi su Josy Ajiboye a gidan Daily Times, da Kenny Adamson a Punch, har ya zamana akwai masu sayen jarida don zanen kawai. Amma wanda ya fi dacewa samarin Bauci su yi nazarinsa shi ne Wale Adenuga, domin shi bai dogara ga jaridar kowa ba. A 1976 ya fito da mujallarsa ta barkwanci mai suna Ikebe Super, ya ƙirƙiro mutane irin su Papa Ajasco mai sanƙo, ya riƙa dawo da su fitowa bayan fitowa har mutanen Ikko suka san su kamar maƙwabta. Ana sayar da ita a tashoshin mota da hannun masu tallar jarida, kuɗi hannu. Da kasuwar mujalla ta ja baya, sai Papa Ajasco ya koma talabijin a shekarun 1990, masu kallonsa suka bi shi can. Ba mujallar mutane suka so ba, mutumin da ke cikinta suka so.

To, a ina ɗan Arewa yake cikin wannan dogon tarihi? Duk wanda ya daɗe a Kudu ya san amsar. A yawancin barkwancin da ake yi a nan, na zane ne ko na talabijin ko na intanet, ɗan Arewa shi ne mai gadi da rediyo a kunne, mai karya Turanci, wanda ba ya gane magana sai an maimaita masa. Sunansa ɗaya ne a ko'ina, aboki, kalmar da a gida take nufin amini amma a nan ta koma ta raini. Ba a ganin Alhajin da ke sauke tirela goma ta albasa a mako, ba a ganin likita ko lauya ko malamin jami'a, ba a ganin Bahaushen da kakansa aka haifa a Agege, wanda Yarbancinsa ya fi na waɗansu Yarbawan. Ba wanda zai ce zane ne ya jawo rikicin kasuwar Shasha ta Badun a watan Fabrairu na 2021 ko wani abu mai kama da haka, domin rikicin Shasha na Fabrairun 2021 yana da nasa dalilan, haka ma kisan mafarauta 16 da aka yi a Uromi ta Jihar Edo a watan Maris na 2025 suna kan hanyarsu daga Fatakwal zuwa Kano. Amma mutumin da aka shekara hamsin ana nuna shi ba shi da suna, ba shi da iyali, ba shi da wayo, ranar da fitina ta tashi ba a cika jin nauyin taɓa shi ba. Saboda haka batun wane ne ke zana ɗan Arewa, kuma yaya yake zana shi, ba wasan yara ba ne.

An riga an ga abin da alƙalamin ɗan Arewa zai iya yi. Mustapha Bulama, wanda ya yi suna da zanensa a jaridar Daily Trust, a watan Satumba na 2020 ya zana uwargidan shugaban ƙasa na lokacin tana nuna wa talakawan da masifa ta sha kansu hotunan bikin 'yarta. Zanen ya zaga ƙasar nan cikin yini guda, har sai da mai magana da yawunta ya fito ya ce ba a yi mata adalci ba. Dogayen sharhi nawa aka rubuta a makon nan waɗanda ba wanda ya tuna da su? Sai dai shi Bulama a lokacin yana da babbar jarida a bayansa, mai masu karatu, mai lauyoyi, mai biyan albashi. Yaron Bauci da ke zane a ɗakin haya ba shi da ko ɗaya, shi ne mai zane, shi ne mai talla, shi ne kuma zai amsa kira in an kira.

A duba lissafin da ke gabansa. Kamfanin YouTube, bisa ga ƙa'idar da ya kafa a 2018, ba ya fara raba kuɗin talla na dogon bidiyo da mutum sai ya tara mabiya 1,000 kuma an kalli ayyukansa na sa'o'i 4,000 cikin shekara guda. Zane mai motsi na minti biyu yana iya cin kwanaki ana haɗa shi, to sau nawa za a kalli minti biyu kafin a cika sa'o'i 4,000? Sau 120,000, in har kowa ya kalla daga farko zuwa ƙarshe. Ko an haye wannan ma, abin da masu talla ke biya a kan mai kallo a Nijeriya bai kama ƙafar abin da suke biya a kan mai kallo a Amurka ba. Facebook bai buɗe wa 'yan Nijeriya ƙofar irin wannan biya ba sai a tsakiyar 2024. Ta ɓangaren kashewa kuwa ba sauƙi. An janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, janareta ya zama na masu hali. A watan Oktoba na 2024 yawancin jihohin Arewa, har da Bauci, suka yi fiye da mako guda cikin duhu saboda lalacewar manyan layukan wuta. A watan Janairu na 2025 hukumar sadarwa ta yarda kamfanonin waya su ƙara kuɗinsu da kashi 50 cikin 100. Duk wannan a kan yaron da abin da yake samu daga mabiyansa shi ne "Allah ya ƙara basira". Addu'a ce mai kyau, amma mai sayar da data ba ya karɓarta.

Shi ya sa da yawa cikinsu suke farawa da zafi, su yi wata uku ko huɗu, sa'an nan a ji shiru. Ba basira ce ta ƙare ba. Sun ɗauka taron masu dannawa shi ne kasuwa, alhali kuwa ɗan kallo daban, mai saye daban.

A nan ne labarin Adamu Waziri yake da amfani. A 2010 ya fito da zanen yara mai motsi, Bino and Fino, daga ɗan kamfaninsa a Abuja, labarin wani yaro da ƙanwarsa a gidan Nijeriya. Waɗanda suka fara rungumarsa da kuɗinsu, suna sayen faifansa, akwai iyaye baƙar fata da yawa mazauna Amurka da Ingila, waɗanda suka gaji da ganin 'ya'yansu na kallon zanen da ba mai kama da su a ciki. Dalilin a fili yake. Wanda ke zaune a gida ba ya jin ƙishirwar gida, wanda ya yi nisa shi ke jinta, shi ne kuma zai sa hannu a aljihu. Ga mai zanen Bauci, masu wannan ƙishirwa ba sai ya haye teku ya same su ba. Magidancin da ke Idi Araba, wanda 'ya'yansa suka tashi da Yarbanci da Turancin buroka, Hausarsu tana tangaɗi, me zai fi so a wayarsa da ya wuce zane mai magana da Hausa tsantsa, wanda yara za su yi rububinsa? Mai shayin da ke rufe teburinsa ƙarfe ɗayan dare, da mai gadin da ke kwana a zaune, da ɗan dakon da ke jiran mota ta iso Mile 12, duk wayar nan ita ce abokiyar hirarsu, ita ce kuma hanyarsu ta leƙa gida.

Ba yau aka fara ba. Littattafan soyayya na kasuwar Kano, waɗanda marubuta irin su Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino suka riƙa bugawa da kansu tun daga shekarun 1980 da 1990, ba kamfanin ɗab'i ne ya kai su Sabo da Agege ba, fatake ne da direbobi. Haka finafinan Hausa, tun daga Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990, kaset-kaset ɗinsu a cikin kayan 'yan kasuwa suka gangaro Kudu. Marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a watan Disamba na 2014, ba zangon da ba a san shi ba daga Ikko har Kumasi. Da kasuwar faifai ta mutu, sai aka ga Izzar So na Lawan Ahmad ya ɓullo a YouTube a 2020, yana fitowa kashi-kashi mako-mako, da Labarina na Aminu Saira, mutane suna jiran ranar fitowarsu kamar ranar kasuwa. Hanyar a buɗe take, an sha bin ta. Masu zane ne kawai ba su hau ba tukuna.

In za su hau, sai sun gyara waɗansu abubuwa. Babban ciwonsu shi ne rashin mutum. Yau su zana wannan, gobe su zana wancan, duk abin da ake yayi a ranar shi suke bi, ba wata fuska da mai kallo zai riƙe. Ana bukatar mutum ɗaya mai suna, mai hali sananne, mai mata da 'ya'ya da bashi a kansa, wanda za a gane shi ko daga hularsa. Me zai hana ya zama ɗan Bauci ne da ya zo ci-rani Ikko? Labarinsa ba zai ƙare ba. Tafiyar kwana biyu a saman tirela tare da shanu, shingayen da ake tsayawa a hanya, ranar farko da ya ga teku, rigimarsa da mai gidan haya, yadda aka kwace masa babur bayan dokar hana acaɓa ta watan Yuni na 2022 a waɗansu sassan Ikko, kiran waya daga gida kowace Juma'a ana cewa a turo na cefane, da yadda yake komawa gida da Salla sanye da shadda kamar wanda ya mallaki rabin Apapa. Wanda ya sha wannan wahala in ya gan ta a zane zai yi dariya har da hawaye, ya tura wa mutum ashirin. A haɗa masa da maƙwabci Bayarabe mai kirki da wayo, a yi ta ja-in-ja. Ai dama akwai wasan barkwanci tsakanin Gobirawa da Yarbawa tun kaka da kakanni, kamar yadda yake tsakanin Fulani da Barebari, da Kanawa da Zazzagawa. Rijiya ce wadda ba a ko fara ɗiba ba, kuma ba mai kai ƙara kotu a kanta.

Sa'an nan a tsai da rana. In an ce Juma'a bayan sallar isha'i, to ta zama Juma'a, ko da wuta ko ba wuta. A kuma tuna cewa da yawa daga cikin masu kallon nan karatun boko bai zauna musu sosai ba, ko da yake sun iya ajami, don haka zanen da aka ɗora wa murya ya fi wanda aka cika da rubutu. Kada ya yi nauyi, domin mai sayen data ta naira ɗari biyu ba zai buɗe abin da zai cinye masa ita gaba ɗaya ba. Hanyar da abu ke yawo a zango kuwa ita ce WhatsApp, da turi daga waya zuwa waya, da shagunan masu tura finafinai da cajin waya. Mai zane ba zai iya hana wannan ba, kada ma ya gwada. Abin da zai yi shi ne ya sa sunansa da lambar asusunsa a jikin kowane zane, inda ba za a iya yanke su ba, don duk inda zanen ya kwana a san mai shi.

Nauyin da ya rage na mazauna Kudu ne, kuma a nan za a faɗi gaskiya ko da ba daɗi. Ɗan Arewa yana da kyauta, kowa ya shaida. Zai yi wa maroƙi liƙi a wurin biki, zai ba makaɗi babbar riga, amma bai saba biyan kuɗin abin da ya shigo wayarsa ba, yana ganin kamar daga sama ya faɗo. Alhali kuwa ba wani abu mai yawa ake nema ba. A ce mutum 500 ne kacal, daga Agege zuwa Fatakwal, kowa ya ɗauki alkawarin naira 200 a wata. Naira 100,000 ke nan, ta wuce mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da Gwamnatin Tarayya ta tsayar a 2024. Naira 200 ko kofin shayi mai madara ba ta saye a Ikko yau. Hanyar turawa ba wuya, ga masu POS a kowace kusurwa, ga OPay da Moniepoint a wayoyin mutane. Mutanen da suka iya riƙe adashi shekara da shekaru ba tare da takarda ba, wannan ba zai gagare su ba. Su kuma manyan 'yan kasuwa, masu motocin sufuri, da dillalan shanu na Kara, da shugabannin 'yan gwari, talla ce mai araha a gabansu. Mai motar da ke jigila tsakanin Ikko da Bauci, ina tallar da za ta fi masa wadda za ta fito a ƙarshen zanen da fasinjojinsa ke kallo? Kamfanin Comic Republic na Jide Martin, wanda aka kafa a Ikko a 2013, kyauta yake sakin labaransa na zane a intanet, yana samun kuɗinsa ta wajen ayyukan da kamfanoni ke ba shi. Matasan Kudu da suka fara da irin wannan ƙaramin ƙarfi, ga Iwájú na kamfanin Kugali ya fito a Disney+ a 2024, ga Iyanu na Roye Okupe a Cartoon Network a 2025.

Akwai dalilin da ya sa kuɗin nan ya kamata ya fito daga hannun mutane da yawa, kaɗan-kaɗan, maimakon hannun mutum ɗaya. In talakawa ba su riƙe mai zane ba, ɗan siyasa zai riƙe shi. Kowa ya ga yadda aka yi da sojojin baka a gidajen rediyo, da mawaƙan da ke yabon wannan bana su zage shi baɗi. Duk lokacin da zaɓe ya ƙarato, za a nemi yaron da ke da mabiya, a saya masa sabuwar kwamfuta, a ce ya zana abokin hamayya da kan jaki. Daga ranar ya tashi daga mai zane ya koma ɗan kore, rabin masu kallonsa su watse, sauran rabin kuma su watse ranar da ubangidan ya faɗi. Mai yunwa ba a cika yi masa wa'azin ƙin karɓa ba. Wanda ke da mutum 500 a bayansa shi ke iya cewa a'a.

Taron masu kallo garkuwa ce kuma ta wani fannin. Tsofaffi sun tuna Doka ta 4 ta 1984, wadda aka ɗaure Tunde Thompson da Nduka Irabor na jaridar Guardian da ita. Yau soja ba sa mulki, amma akwai dokar laifuffukan intanet ta 2015, wadda sashenta na 24 ya sha zama sandar dukan 'yan jarida har aka yi masa gyara a 2024. A Kano, a watan Nuwamba na 2022, kotun majistare ta yanke wa waɗansu samari biyu masu barkwanci a TikTok bulala ashirin-ashirin da tara da sharar harabar kotu, saboda ɓata sunan gwamnan lokacin. A Bauci kanta, Haruna Mohammed Salisu, mawallafin jaridar intanet ta WikkiTimes, an kama shi ranar zaɓen 25 ga Fabrairu 2023 a Duguri cikin ƙaramar hukumar Alkaleri yana bakin aikinsa, ya yi kwanaki a tsare kafin a ba da belinsa. Ƙungiyoyin 'yan jarida na gida da na waje sun yi magana a kansa domin an san shi, an san aikinsa. Yaron da ba wanda ya san shi, in aka ɗauke shi da dare, mahaifiyarsa kaɗai za ta yi ta zarya. Wannan ba izini ba ne ga mai zane ya yi ƙazafi. Ya zana aiki, ya bar mutunci. Ramin da ke kan titi da asibitin da ba magani sun ishe shi, ba sai ya shiga gidan kowa ba.

Kada kuma ya gina gidansa duka a filin aro. Gwamnatin Tarayya ta rufe Twitter daga watan Yuni na 2021 har zuwa Janairun 2022, wata bakwai cur, waɗanda duk mabiyansu ke can suka wayi gari hannu rabbana. Kamfanonin su ma suna rufe shafin mutum ba tare da dogon bayani ba. Lambobin wayar masoya na gaskiya, waɗanda suka ba da su da yardarsu, sun fi dubban mabiyan da mutum bai san ko ɗayansu ba.

Batun addini kuwa ba a yi masa kwana-kwana. Kalmar katun ta yi baƙin jini a Arewa tun abin da wata jarida ta ƙasar Denmark ta aikata a watan Satumba na 2005, wanda zanga-zangarsa ta kai ga asarar rayuka a Maiduguri a watan Fabrairu na 2006. Har yau akwai dattawan da in suka ji kalmar, abin da ke faɗo musu ke nan. Ban da wannan, malamai suna da maganganu a kan zana abu mai rai, waɗansu sun tsananta, waɗansu sun sassauta musamman in don koyarwa ne. Mai zanen da ke son ya daɗe sai ya je ya zauna gaban malaminsa ya ji, ya kuma nisanci duk abin da ya shafi Annabawa da littattafai masu tsarki da ibadar kowa. Jihar Bauci ta Musulmi ce da Kirista, zangon Kudu ma haka, kuma 'yan Tafawa Ɓalewa da Bogoro da Das da ke aiki a Ikko suna cikin masu kallon da ake nema.

Wani zai ce, ana fama da tsadar masara wa ke ta zane? Amsar ita ce mutanen da ke fama da tsadar masarar su ne dai ke sayen data kullum suna kallon finafinan Indiya da aka fassara da rawar TikTok. Kuɗin yana fita ko an so ko an ƙi, maganar ita ce ina yake zuwa. Wani kuma zai ce gwamnati ta shigo. Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da manyan makarantun kimiyya da fasaha biyu da ke garin suna yaye matasa masu hannu kowace shekara, kuma gidan talabijin na jiha zai iya ba su minti biyar a mako ba tare da ya yi asarar komai ba. In an yi haka madalla. Amma mai zanen barkwancin da gwamnati ke ciyarwa, gwamnati ba za ta taɓa fitowa a zanensa ba sai tana murmushi.

Akwai ma abin da za a iya farawa da shi bana ba sai an jira kowa ba. Ba shagon ɗan Arewa a Kudu, ko teburin mai shayi, ko rumfar mai wanki da guga, da ba a rataye kalanda ba. Mai zanen da ya yi shekara yana fitowa kowane mako yana da zane 52 a hannu. Ya zaɓi 12 mafi kyau, ƙungiyar 'yan kasuwa ɗaya ta ɗauki nauyin bugawa a sa sunanta a ƙasa, a haɗa da kwanakin Hijira da na boko, a sayar a ƙofar masallatan Juma'a na zango kafin azumi, a raba riba. Maɗaba'u suna nan birjik a Shomolu, tsakaninta da Mile 12 kuwa tafiyar mota ɗaya ce.